J. A. Green: Mai Hoton Da Aka Ɗauka Bature Ne

A wannan mako na kawo muku tarihin Jonathan Adagogo Green, wanda masana da dama suke cewa shi ne ɗan ƙasa na farko da ya riƙi ɗaukar hoto sana'a a Najeriya.

An haife shi a shekarar 1873 a yankin Bonny, wani gari da ke bakin teku a jihar Ribas ta yanzu. Shi ɗan ƙabilar Ijaw ne. A lokacin, Bonny babbar kasuwar manja ce, jiragen ruwan Turawa suna zuwa saye. Mahaifinsa basarake ne kuma ɗan kasuwa, shi ya sa Jonathan ya samu shiga makarantar mishan.

Ɗaukar hoto a zamanin ba wasa ba ne. Kyamarar babban akwati ce da ake ɗorawa a kan ƙafafu uku, mai ɗauka kuma ya lulluɓe kansa da baƙin ƙyalle. Hoton yana fitowa ne a jikin farantin gilashi, sai an shiga ɗaki mai duhu an wanke shi. Idan gilashin ya fashe, aiki ya tashi a banza. Duk da haka Green ya ɗauki hotunan sarakuna da iyalansu, da 'yan kasuwa, da Turawan mulki, a Bonny da Opobo da garuruwan kusa.

Hotonsa da ya fi shahara shi ne na shekarar 1897. A shekarar ne sojojin Ingila suka ci birnin Benin da yaƙi, suka kwashe kayan tarihinsa, suka tuɓe Oba Ovonramwen. Da za a kai Oba gudun hijira Kalaba a cikin jirgin ruwa mai suna Ivy, Green ya ɗauke shi hoto yana zaune, sojoji na tsaye suna gadinsa. Wannan hoton yana cikin hotunan da suka sa muke iya ganin fuskar Oba a yau.

Abin da ya ba ni mamaki shi ne, Green yakan buga hatimi a bayan hotunansa da sunan J. A. Green kawai. Da yake babu Adagogo a ciki, mutane suka daɗe suna zaton Bature ne. An buga hotunansa a jaridu da littattafan Ingila, sau da yawa ba a ko ambaci sunansa ba.

Ya rasu a shekarar 1905 yana da shekara 32 kacal. Sai a 2017 wasu masu bincike suka fitar da littafi guda a kan rayuwarsa.

Don haka 'yan kulob, idan muka liƙa hoto ko zane a wannan allo, mu riƙa rubuta cikakken sunan mai shi a ƙasa.