Donn Beach

Donn Beach (22 ga Fabrairu, 1907 – 7 ga Yuni, 1989), wanda sunansa na asali shi ne Ernest Raymond Gantt, ɗan kasuwa ne Ba'amurke da ya yi suna a harkar gidajen abinci da mashaya. Shi ake ɗauka a matsayin wanda ya ƙirƙiro irin mashayar da daga baya aka sani da sunan tiki, wato wurin da ake ƙawatawa har mai shiga ya ji kamar ya sauka a wani tsibiri na ƙasashe masu zafi, alhali kuwa yana tsakiyar birni. Ya buɗe ta farko a unguwar Hollywood ta birnin Los Angeles a ƙarshen 1933, kuma ita ce ta zama Don the Beachcomber. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu ya rasa ikon yin kasuwanci da wannan suna a jihohin Amurka, sai ya koma Hawai, inda ya ƙare rayuwarsa.

## Farkon rayuwa

An haife shi a jihar Texas. Tun yana saurayi ya bar gida ya shiga duniya, ya zaga tsibiran Karibiyan da na kudancin tekun Pasifik. Mutum ne mai daɗin baki da son ƙara wa labari gishiri, kuma yawancin abin da ake faɗa game da waɗannan shekaru daga bakinsa ya fito. Abin da ya tabbata shi ne ya dawo da abubuwa biyu: sanin barasar rake da ake kira rum, da tarin tarkacen da ya tsinto a gaɓar teku.

A farkon shekarun 1930 ya sauka a Los Angeles ba shi da wani jari. Ya yi aiki a gidajen abinci na unguwar 'yan Sin, ya yi aikin jera wa mutane motoci, ya kuma taɓa fasa-ƙwaurin barasa, domin a lokacin dokar hana sayar da giya, wadda ta fara aiki a 1920, tana nan daram. Yakan kuma ba masu shirya fim aron kayan da ya tara idan za su yi fim a kan tsibirai. Ta haka ya saba da 'yan wasan Hollywood tun kafin ya mallaki wurin da zai gayyace su.

## Mashayar McCadden Place

An soke dokar hana giya ranar 5 ga Disamba, 1933. Gantt bai ɓata lokaci ba, ya kama wani ɗan ƙaramin ɗaki a titin McCadden Place, wanda bai ɗaukar fiye da mutum ashirin da 'yan kai, ya sa masa suna Don's Beachcomber. Kalmar ƙarshen sunan tana nufin mutumin da ke yawo a bakin teku yana tsintar abin da igiyar ruwa ta watso. Sunan ya bi shi, mutane suka riƙa kiran sa Don, har daga baya ya je ya sauya sunansa a hukumance ya koma Donn Beach. A 1937 ya ƙaura zuwa wani wuri mafi girma a tsallaken titin, a nan ne sunan ya zauna a kan Don the Beachcomber.

Abin da ya bambanta wurin da sauran mashayu shi ne, tun daga bakin ƙofa ake raba mutum da garin da ya baro. An lulluɓe bango da gora da tabarmi, an yi rumfunan ciyawa a cikin ɗaki, an rataya taru da ƙwallayen gilashi na masunta da sassan tsofaffin jiragen ruwa. Masunci daga fadamar Haɗeja da zai leƙa, kayan aiki kawai zai gani a rataye, irin waɗanda ake shanyawa a bakin kogi bayan an dawo su. Amma ga mutumin Los Angeles, a shekarun da tattalin arzikin Amurka ya karye kuma tafiya Tahiti ta fi ƙarfin kusan kowa, waɗannan kaya su ne tsibirin. Haske kaɗan ake bari, ta yadda ba a gane dare ya yi nisa. An kuma ruwaito cewa akan saki ruwa ta tiyo a kan rufin kwano, masu sha su ji kamar ruwan sama ya kece, su fasa tashi, su sake yin oda. Sanannun baƙi kuwa kowa da tsinkayen cin abincinsa da aka rubuta wa suna aka ajiye a akwatin gilashi, dabarar da ke sa mutum ya ga wurin kamar nasa ne.

Duk da kayan adon, kusan babu abin da ake ci ko ake sha a wurin da ya fito daga tsibiran Pasifik. Abincin na kudancin ƙasar Sin ne, irin na yankin Kanton, sai dai an laƙaba masa sunaye masu ƙamshin tsibiri. Abin shan kuwa daga Karibiyan yake. Rum ana yin sa ne daga rake, kuma tarihinsa a haɗe yake da gonakin raken Jamaika da Barbados da sauran tsibiran da aka kai bayi daga Afirka ta Yamma suka yi noma. Beach ya zaɓe shi ne saboda ya san shi, kuma saboda a lokacin ya fi wuski araha nesa ba kusa ba. Wato tsibirin da yake sayarwa babu shi a taswira. Haɗa shi aka yi daga wurare uku ko huɗu da ba su san juna ba.

## Haɗin abin sha da sirrinsa

A nan ne gwanintarsa ta gaskiya take. Ya ɗauki tsohon haɗin da mutanen Jamaika suka saba, na tsami da zaƙi da barasa da ruwa, ya ninka kowane sashe. Maimakon lemun tsami kaɗai sai ya haɗa shi da garehul. Maimakon sukari kaɗai sai ya kawo zuma da ruwan rumman da ruwan sukarin da aka dafa da kirfa. Maimakon rum iri ɗaya sai ya gauraya biyu ko uku daga ƙasashe daban-daban, kowanne da ɗanɗanonsa, sannan a kaɗa da dakakkiyar ƙanƙara. Wanda ya fi shahara shi ne Zombie, na 1934, mai ɗauke da rum iri uku, ɗaya daga cikinsu na Demerara a ƙasar Guyana, wanda ƙarfinsa ya haura kashi 75 cikin 100. Zaƙin 'ya'yan itace yakan ɓoye wannan ƙarfi, shi ya sa gidan ya kafa ƙa'idar cewa ba a sayar wa mutum ɗaya fiye da kofi biyu. Ƙa'idar ta kare masu sha, ta kuma zama talla, don abin da aka taƙaita shi ake rububi. Sauran haɗe-haɗen da ake danganta masa sun haɗa da Navy Grog da Three Dots and a Dash da Missionary's Downfall.

Masu kwaikwayo ba su daɗe ba suka taso. A babban baje kolin duniya da aka yi a New York a 1939 an yi ta sayar da wani abu da sunan Zombie ba da hannunsa ba, kuma masu wasu mashayu suka riƙa zawarcin ma'aikatansa da albashi mai tsoka don su tafi da sirrin. Maganin da ya samo shi ne ya cire sunaye daga kwalabe ya maye su da lambobi da baƙaƙe. Ma'aikaci zai san ya zuba kaza daga kwalba mai lamba kaza, amma bai san abin da ke cikinta ba. Ba a gaban baƙi ake haɗawa ba, a wani ɗaki na baya ake yi, sai dai a fito da kofi a shirye.

Mutanen da ke wannan ɗaki na baya yawancinsu 'yan ƙasar Filifin ne, kuma sun daɗe ba a ambaton su. Su ne suka riƙe sana'ar a hannu, su ne kuma suka yaɗa ta. Ray Buhen, ɗaya daga cikin na farko da suka yi aiki da Beach, ya buɗe tasa mashayar mai suna Tiki-Ti a titin Sunset a 1961. Mariano Licudine ya bar reshen Chicago ya tafi Mai-Kai, wadda aka buɗe a jihar Florida a 1956. Da yawa daga cikinsu sun ajiye ƙananan littattafan aljihu da suka rubuta ma'aunai a ciki, ba sa nuna wa kowa, domin wannan sani shi ne jarinsu duk inda suka je neman aiki.

Babban abokin hamayyarsa shi ne Victor Bergeron na birnin Oakland, wanda ya buɗe wata mashaya mai suna Hinky Dink's a 1934. Bayan ya ga abin da ake yi a Hollywood, ya sauya fasalin wurinsa ya koma Trader Vic's. Bergeron ya ce shi ya ƙirƙiro Mai Tai a 1944. Beach ya tsaya a kan cewa daga wani haɗinsa na shekarun 1930 aka samo shi. Yawancin masu bin tarihin sana'ar sun ba Bergeron Mai Tai, sun bar wa Beach asalin salon baki ɗaya. Ta fuskar kasuwa ma Bergeron ne ya yi nisa, domin Trader Vic's ta kai Landan a 1963, daga baya ta shiga manyan otal-otal na Dubai da Abu Dhabi da Bahrain.

## Aure, yaƙi da rasa suna

Beach ya iya ƙirƙira da tarbar baƙi, amma lissafi ba nasa ba ne. Wannan ɓangare matarsa ce ta riƙe shi, Cora Irene Sund, 'yar jihar Minnesota, wadda aka fi sani da Sunny. Sun yi aure a 1937, suka rabu a 1940, amma suka ci gaba da kasuwanci tare, kuma a wannan shekarar aka buɗe reshen Chicago.

Da Amurka ta shiga yaƙi, ya shiga rundunar sojan sama. Ya ji rauni lokacin da jirgin ƙarƙashin ruwa na Jamus ya kai hari kan jirgin da yake ciki, abin da ya sa aka ba shi lambar Purple Heart. Daga nan aka ɗora shi a kan aikin da ya dace da shi: shirya wuraren hutu ga sojojin sama a Italiya da kudancin Faransa, ciki har da Capri da Nice da Cannes. Ya samu lambar Bronze Star, ya kai muƙamin laftanar kanar.

Ko da ya dawo, kamfanin ya bunƙasa a hannun Sund, kuma yarjejeniyar da ke tsakaninsu ta bar mata sunan Don the Beachcomber a cikin jihohin Amurka. Mutumin da ya sauya sunansa don ya dace da na shagonsa ya wayi gari ba zai iya kafa allon wannan suna a ƙasarsa ba. A ƙarƙashinta da waɗanda suka gaje ta rassan sun kai goma sha shida.

## Hawai

Mafitar da ya samu ita ce, a lokacin Hawai ba ta zama jiha ba tukuna, sai a 1959, don haka yarjejeniyar ba ta kai can ba. Ya tare a Waikiki da ke Honolulu a ƙarshen shekarun 1940, ya gina rukunin bukkoki masu rufin ciyawa, yana shirya walimar gargajiyar Hawai ga 'yan yawon buɗe ido. Abin mamakin shi ne, ya kai tsibirin ƙirƙira cikin tsibirin gaske, kuma baƙin da suka sauka daga jirgi nasa suka fi nema, don shi ya yi daidai da hoton da suka zo da shi a zuci. Makaɗin fiyano Martin Denny, wanda kiɗansa ya zama muryar irin waɗannan wurare, aikin gidan Beach ne ya kai shi Honolulu a 1954.

Zamanin ma ya taimaka masa. Sojojin da suka yi yaƙi a Pasifik sun koma gida da labarin tsibirai, littafin James Michener mai suna Tales of the South Pacific ya fito a 1947, a shekarar da Thor Heyerdahl ya ƙetare teku a kan gadon katako mai suna Kon-Tiki. A shekarun 1950 ne sassaƙaƙƙun gumaka suka cika irin waɗannan mashayu har salon ya ɗauki sunansu. A al'adar Maori ta New Zealand, Tiki shi ne mutum na farko.

A tsakiyar shekarun 1950 Beach ya jagoranci kafa kasuwar International Market Place a titin Kalakaua, a kan filin da ke cikin gadon Sarauniya Emma. A tsakiyar kasuwar akwai wata ƙatuwar bishiya dangin ceɗiya, a kanta ya gina ɗakin da ya zama ofishinsa, wani lokaci kuma a shirya wa mutum biyu abincin dare a ciki.

Daga baya ya ƙera wani gida mai yawo a kan ruwa, ya kai shi tsibirin Moorea kusa da Tahiti, ya zauna a ciki na wasu shekaru har guguwa ta lalata shi. Ya mutu a Honolulu yana da shekara 82, aka binne shi a maƙabartar sojoji ta Punchbowl.

## Bayan mutuwarsa

Kafin ya mutu salon ya riga ya dushe. Tun daga shekarun 1970 aka fara ganin sa a matsayin tsohon yayi, rassa suka yi ta rufewa, har da na Hollywood. Ɓoye sirrin da ya kare shi yana raye shi ya kusa shafe aikinsa, domin abin da ake sayarwa da sunan Zombie a wurare da yawa ruwan zaƙi ne kawai da barasa. Marubuci Jeff Berry ya shafe shekaru yana bin tsofaffin ma'aikata da iyalansu, ya samu littattafan aljihunsu, ya warware lambobin, sannan ya buga ma'aunin Zombie na 1934 a littafinsa Sippin' Safari a 2007. Wannan aiki, tare da The Book of Tiki na Sven Kirsten da ya fito a 2000, ya farfaɗo da irin waɗannan mashayu a Amurka da Turai.

Farfaɗowar ta zo da suka. 'Yan asalin Hawai da sauran tsibiran Pasifik da dama suna ƙin yadda ake mayar da siffofin abin bautar kakanninsu kofin shan barasa, da yadda ake nuna ƙasashensu tamkar wurin shaƙatawa kawai, ba tare da tarihin mulkin mallakar da suka sha ba. Wasu sababbin mashayu sun ajiye gumakan da sunan tiki, sun riƙe ganyaye da gora da haɗin abin sha.

An rufe International Market Place a ƙarshen 2013, aka rushe ta, aka sake buɗe ta a 2016 a matsayin rukunin kantunan zamani. Ba a sare bishiyar ba. Ginin aka zagaya da ita, kuma an sake ɗora mata ɗan ɗaki a sama don tunawa da ofishin Beach.