Likita Denis Burkitt da Ciwon Dajin Yara

An haifi Denis Burkitt a Ayalan ta Arewa cikin 1911. Tun yana yaro ya rasa ido guda, amma hakan bai hana shi zama likitan fiɗa ba. Cikin 1957, yana asibitin Mulago a Kamfala ta ƙasar Yuganda, aka nuna masa wani yaro wanda muƙamuƙinsa ya kumbura. Ba a jima ba ya ga na biyu. Ya rubuta bayanin ciwon a 1958, masana ba su kula ba.

Mu malamai, abin da ya ƙayatar da mu shi ne kayan aikinsa: taswira da takardun tambaya. A 1961 ya ci mil 10,000 cikin tsohuwar mota yana bin asibitoci, ya tarar ciwon ya fi kama yaran wurare masu zafi da damshi, watau inda zazzaɓin sauro ya yi katutu. Nijeriya ma tana ciki.

Laccarsa ta Landan ce ta sa Anthony Epstein ya roƙi a aiko masa da tsokar ƙarin. A 1964 aka ga ƙwayar bairos a ciki, ta farko da aka danganta da ciwon dajin ɗan Adam. Burkitt ya kuma nuna ciwon yana jin magani. Ya rasu a 1993, ciwon kuwa har yau da sunansa ake kiransa.