Marigayi Malam Aminu Kano Da Zancen Ƙuri'ar Talaka

Daga Wakilinmu na Arewa, Gombe

Duk lokacin da zaɓe ya matso, tashar mota a nan Gombe takan cika da 'yan'uwanmu da suka taso daga Agege da Idi Araba da Sabon Ibadan da Fatakwal. Mutum ya rufe tireda, ko ya ba wani amanar turken shanunsa, ya kwana biyu a hanya don ya dangwala yatsa sau ɗaya. In an gama sai ya koma Kurmi, bayan shekara huɗu ya sake dawowa ya tarar da unguwarsu yadda ya bar ta. Shi ya sa gardama ba ta ƙarewa a majalisun Jekadafari da Bolari a kan ko akwai amfanin wannan wahala. Daga 1999 Gombe ta ga Abubakar Habu Hashidu, ta ga Ɗanjuma Goje a 2003, da Ibrahim Hassan Dankwambo a 2011, da Inuwa Yahaya a 2019, jam'iyya ta kayar da jam'iyya har sau biyu, amma gardamar tana nan. A duk inda aka yi ta kuwa sai sunan mutum ɗaya ya fito, watau Malam Aminu Kano, kuma kowane ɓangare shi yake kafa hujja da shi.

An haifi Malam ran 9 ga Agusta 1920 a unguwar Sudawa cikin birnin Kano. Mahaifinsa Malam Yusufu malami ne mai aiki a kotun alkali, daga zuriyar Gyanawa waɗanda aka sani da ilmin shari'a. Watau shi ba ɗan talaka ba ne irin wanda dogari ke kora. A cikin gidan ya tashi, ya ga yadda ake dafa abin tun daga murhu. Ya yi Elementare ta Shahuci da Midil ta Kano, ya zarce Kwalejin Kaduna, ya fito malamin makaranta a 1942.

Sai aka turo shi Midil ta Bauci. A zamanin nan Gombe tana cikin Lardin Bauci, don haka mu nan muna ganin muna da rabonmu a cikin tarihinsa. A Bauci ya tarar da Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa, ya kuma sake haɗuwa da Malam Sa'adu Zungur, mutumin da ya fi kowa tasiri a kan tunaninsa. Suka riƙa zama a wata ƙungiyar muhawara wadda Turawan lardi suka yarda da ita da fari, suna zaton 'yan boko za su tsaya ga zancen tsabta da noman auduga. Da tambayoyi suka fara taɓa albashin sarakuna da yadda ake tafiyar da En'e, sai aka rufe ta. Daga nan ya tafi Landan a 1946 ƙaro ilmin koyarwa. Da ya komo ya shiga cikin kafa ƙungiyar malaman makarantun Arewa, aka kai shi Kwalejin Horon Malamai ta Maru a Lardin Sakkwato, can nesa da birane. Bai daɗe ba, a ƙarshen 1950 ya ajiye aiki.

Kafin nan, ran 8 ga Agusta 1950, wasu samari takwas sun kafa jam'iyyar NEPU a Kano, cikinsu da Abba Maikwaru da Bello Ijumu da Mudi Sipikin da Magaji Ɗambatta. Malam ya shigo, a 1953 ya zama shugabanta.

Matasa na yanzu sai an bayyana musu abin da ake faɗa a kai. A wancan lokaci kotu ta En'e ce, 'yan doka na En'e ne, gidan yari na En'e ne, haraji da jangali ta hannun dagaci da hakimi ake karɓarsu, ga aikin tilas. Wanda ya kama ka, da wanda zai yi maka shari'a, da wanda zai tsare ka, duk bakinsu ɗaya. Abin da NEPU ta ce shi ne talaka ya samu bakin magana a kan masu mulkinsa, hanyar kuwa ita ce ƙuri'a. Saboda wannan aka yi wa mutane bulala, aka ɗaure su, aka kori wasu daga garuruwan iyayensu. Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya ta sha shiga kurkuku har ba ta da iyaka. Tsofaffi a nan suna ba da labarin cewa ko maƙala tauraron NEPU a riga ya isa mutum ya rasa rumfarsa a kasuwa.

To, me ƙuri'ar ta haifar? A zaɓen 1951 ba kai tsaye ake zaɓe ba, hawa-hawa ne. 'Yan NEPU suka yi rinjaye a matakin farko a birnin Kano. Amma doka ta ba En'e ikon cusa nata mutane, kashi 10 cikin 100, a matakin ƙarshe, sai ga shi ba ɗan NEPU ko ɗaya daga Kano da ya kai Majalisar Kaduna. A 1954 Malam ya nemi kujerar Majalisar Wakilai ta Ikko, Maitama Sule na NPC ya kayar da shi. A 1956 Ahmadu Ɗantata ya kayar da shi. Sai a 1959 ya ci Kano ta Gabas, NEPU ta samu kujera 8 a majalisa mai 312. Nan ma aka shiga wani ruɗani, domin abokiyar ƙawancensu NCNC ta haɗa gwamnati da NPC. Malam ya zama mataimakin mai tsawatarwa na ɓangaren gwamnati a Ikko, alhali a ƙauyukan Arewa ana ci gaba da ɗaure magoya bayansa. A 1964 kujerar ta suɓuce.

A nan ya kamata in kawo wani ra'ayi da masu karatu da yawa suke furtawa ba tare da sun san yana da malamai ba. A Turai, tun ƙarni na 19, an yi masu cewa gwamnati kowace iri ce sirdi ce a bayan talaka, zaɓe kuwa mahayi kawai yake canzawa. Furudon na Faransa an zaɓe shi majalisa a 1848, ya fito yana kiran mutane su daina jefa ƙuri'a. Bakunin na Rasha, wanda ya mutu a 1876, ya yi ta gardama cewa lebura in ya hau kujera ya daina zama lebura, ya koma kallon 'yan'uwansa daga sama. Abin da suke so shi ne jama'a su riƙa gudanar da al'amuransu da kansu ta ƙungiyoyin sana'a da na unguwa, ba wakili ba shugaba. A ƙasar nan ma an yi Sam Mbah na Inugu, wanda ya rasu a 2014, mai irin wannan ra'ayi. Malam Aminu bai taɓa zama cikinsu ba. Shi malamin tafsiri ne, ya yarda da hukuma, adalcinta yake nema. Amma rayuwarsa ta ba su abin riƙewa.

Dubi yadda buƙatun NEPU suka biya. Raba En'e da kotu da 'yan doka da gidan yari, soja ne suka yi shi bayan juyin mulkin 1966. Gyaran ƙananan hukumomi na 1976, wanda ya karɓe mulkin yau da kullum daga hannun sarakuna, soja ne. Ƙuri'ar matan Arewa, wadda Malam ya sha zagi a kanta, a 1976 ta samu, ita ma a hannun soja. Mu nan Gombe sai mu ƙara da cewa Jihar Arewa Maso Gabas ta 1967, da Jihar Bauci ta 1976, da Jihar Gombe ta 1 ga Oktoba 1996, ba wadda akwatin zaɓe ya ba mu. Ni dai a nawa ganin wannan hujja tana da gurgun ƙafa. Sojan ba daga sama suka tsinci waɗannan gyare-gyare ba, shekara goma sha biyar aka yi ana shan bulala a kansu har suka zama abin da kowa ya sani. Kuma Malam da kansa yana cikin gwamnatin Janar Gowon, kwamishinan sadarwa daga 1967, na lafiya daga 1971 zuwa 1974. Sai dai kuma wannan zama da ya yi da soja, har da tsofaffin abokan hamayyarsa, wasu almajiransa ba su taɓa yafe masa shi ba.

Babbar jarrabawa ta zo a Jamhuriya ta Biyu. Malam ya kafa PRP a 1978, mai alamar mabuɗi. A zaɓen shugaban ƙasa na 1979 ya zo na huɗu da ƙuri'a wajen miliyan 1.7, Alhaji Shehu Shagari ya ci. A nan Jihar Bauci NPN ce ta yi gaba da Alhaji Tatari Ali. Amma PRP ta samu gwamna biyu, Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna. Suna hawa a Oktoba 1979 suka soke haraji da jangali. Wanda duk ya ce zaɓe bai taɓa canza kome ba, to, ya tambayi dattijon da ya taɓa kwana a daji don gudun mai karɓar haraji, ko Bafillacen da aka ƙidaya masa shanu har da waɗanda ba a haifa ba. Gwamnatin Kano ta buɗe yaƙi da jahilci na manya, ta kuma ba ma'aikata hutun 1 ga Mayu a 1980, kafin Gwamnatin Tarayya ta bi sawu a 1981.

Ba a cika shekara ba gida ya tsage. Gwamnonin biyu suka shiga taron gwamnoni tara tare da na UPN da GNPP. Uwar jam'iyya ta hana su, suka ƙi, aka kore su a 1980. Su kuma suka ce shugabannin ne suka saki layi suna raɓar NPN. Aka samu 'yan santsi da 'yan taɓo, Malam yana tare da taɓo, hukumar zaɓe ta FEDECO kuma ta ce ɓangarensa ne halattacce. Mutanen da suka kwana kurkuku ɗaya a zamanin NEPU suka koma ba sa gaisawa, mawaƙan kowane ɓangare suna yi wa ɗayan zambo. A Kaduna majalisar da NPN ta fi yawa ta hana Balarabe naɗa kwamishinoni, ta tsige shi ran 23 ga Yuni 1981. A Kano, bayan takardar tuhuma da gwamnati ta aika wa Sarki Ado Bayero, tarzoma ta ɓarke ran 10 ga Yuli 1981, aka ƙone gine-ginen gwamnati, aka kashe Dokta Bala Muhammad, mai ba gwamna shawara kan siyasa.

Har yau ana musu a kan wanda ya yi laifi. Masu goyon bayan santsi suna cewa Malam ya tsufa, ya gaji da faɗa, na kusa da shi suka yi masa katanga. Masu goyon bayan taɓo suna cewa yara ne suka ɗanɗana mulki suka raina wanda ya ɗora su. Abin da ba mai musu a kai shi ne, shekara da shekaru jam'iyyar talakawa ta jure bulala ba ta watse ba, kujerar gwamna biyu suka watsa ta cikin shekara ɗaya. Ba kuma wanda ya taɓa zargin Malam da tara dukiya. Ya yi kwamishina shekara bakwai, har lokacin bunƙasar man fetur, ya koma ƙaramin gidansa na Gwammaja, inda ƙofa take buɗe ga kowa.

A wannan gida Allah ya yi masa rasuwa ran 17 ga Afrilu 1983, yana da shekara 62, ana shirin zaɓen da zai sake tsayawa takara. Allah ya jiƙansa. A nan aka binne shi, daga baya gidan ya zama cibiyar nazarin dimokuraɗiyya ta Jami'ar Bayero, wadda ake kira Mambayya. Aka sa sunansa a filin jirgin sama na Kano da asibitin koyarwa.

Rimi ya koma NPP ya nemi gwamna a ƙarƙashinta, Sabo Bakin Zuwo na taɓo ya kayar da shi, ya rushe sababbin masarautun da Rimi ya ƙirƙiro. Sabo wata uku ya yi a kan kujera. Ran 31 ga Disamba 1983 soja suka karɓe mulki, aka soke jam'iyyu duka, aka kwashe na santsi da na taɓo, har da Rimi da Sabo, aka kai su kurkuku.