Webb Ellis: Limamin cocin da kofin duniya na zari-ruga ke ɗauke da sunansa

Yadda 'yan kokawar Nijar ke hanƙoron takobi tun gasar farko da aka yi a Tahoua a 1975, haka ƙasashe ke hanƙoron kofin Webb Ellis a wasan zari-ruga. Afirka ta Kudu ta ɗaga shi sau huɗu, kuma za ta je kare shi a Australiya a 2027. To wane ne mai sunan?

An haifi William Webb Ellis a Salford da ke Ingila a 1806. Mahaifinsa soja ne, ya mutu a fagen yaƙi a Sifaniya, sai mahaifiyarsa ta koma garin Rugby domin 'ya'yanta su samu karatu kyauta.

A makarantar garin ne aka ce a 1823, ana tsaka da wasa, ya zari ƙwallo ya ruga da ita a hannu, abin da dokar wasan ta hana.

Daga nan ya wuce Jami'ar Oxford, ya zama limamin coci a Landan da Essex. Ya mutu a Menton ta Faransa a 1872.

Sai a 1876 wani tsohon ɗalibin makarantar, Matthew Bloxam, ya fitar da labarin, kuma shi ma jiyau ne. Binciken da tsoffin ɗalibai suka yi a 1895 bai samu ganau ko ɗaya ba.

Duk da haka, da aka fara gasar duniya a 1987, sunansa aka raɗa wa kofin.