TARIHIN SIR PETER MEDAWAR, WANDA YA SHARE HANYAR DASHEN ƘODA

Da yawa daga cikin masu karanta wannan jarida sun san wani, ko ɗan'uwa ko abokin aiki, wanda ƙodarsa ta gaza har likitoci suka ce sai an dasa masa wata. Amma kaɗan ne suka san sunan mutumin da ya gano abin da ke sa jiki ya ƙi ƙodar da aka ba shi, da yadda za a lallashe shi ya karɓa. Saboda haka muka ga ya kyautu mu kawo tarihinsa.

An haifi Peter Medawar ran 28 ga Fabrairu, 1915, a garin Petropolis cikin ƙasar Birazil. Ubansa ɗan kasuwa ne mutumin Labanan, uwarsa kuwa Baturiyar Ingila ce. Ya yi makaranta a Ingila, sa'an nan ya shiga Jami'ar Okisfod, inda ya karanta ilmin dabbobi. A lura, shi ba likita ba ne, bai taɓa yi wa mutum fiɗa ba, duk da haka likitocin fiɗa na duniya sun ci moriyarsa.

A farkon Yaƙin Duniya na Biyu wani jirgin sama ya faɗi kusa da gidansa a Okisfod, wuta ta cinye fiye da rabin fatar wani sojan da ke ciki. Likitoci suka nemi shawararsa. Matsalar kuwa ita ce, in an yanko fata daga jikin majiyyaci aka liƙa masa a kan ƙunar, takan kama. In ta wani ce, sai ta yi kamar ta kama, bayan 'yan kwanaki wurin ya yi ja, ya kumbura, fatar ta bushe ta fāɗi. Wanda ƙuna ta ci masa jiki haka, ina zai sami fatar kansa da za ta isa?

Wannan tambaya ce ta kai shi asibitin Gilasgo, inda ya yi aiki da wani likita mai suna Thomas Gibson. Suka lura da wata mace da aka dasa wa fatar ɗan'uwanta sau biyu. Dashen farko ya ɗan jima kafin ya lalace, amma na biyu nan da nan jiki ya kashe shi. Suka buga wannan labari a 1943. Medawar ya koma ya jarraba da zomaye masu yawa, ya ga haka abin yake kullum. Daga nan ya tabbata jiki yana gane baƙo, yana kuma tunawa da shi, kamar yadda wanda ya taɓa yin ƙyanda ba ya sake yi. Ashe kumburin nan yaƙi ne, garkuwar jiki ce ke taruwa a kan baƙon nama har ta hallaka shi.

A 1947 ya zama farfesa a Jami'ar Bamingam. A wannan lokaci wani masanin kiwo ya roƙe shi hanyar rarrabe tagwayen maruƙa, waɗanda suka fito daga ƙwai ɗaya da waɗanda suka fito daga ƙwai biyu. Medawar ya ɗauka abu ne mai sauƙi: a yi musu musayar fata, masu ƙwai ɗaya za su karɓa, sauran su ƙi. Sai ga shi galibinsu duk sun karɓa, har mace da namiji. Nan ne halinsa ya bayyana, gama bai ɓoye kuskurensa ba, ya shiga neman dalili. Ya tarar tun 1945 wani Ba'amurke, Ray Owen, ya nuna jinin tagwayen maruƙa yakan gauraya tun suna ciki, kuma a 1949 wani masani na Ostareliya, Macfarlane Burnet, ya yi hasashen cewa a wannan lokaci ne jiki ke koyon bambanta nasa da na wani.

Da ya koma Landan a 1951, shi da abokan aikinsa Rupert Billingham da Leslie Brent suka ɗauki ƙwayoyin jikin wani irin ɓera suka yi wa 'ya'yan wani iri allura tun suna cikin uwarsu. Da suka girma aka dasa musu fatar wancan iri, waɗansu suka riƙe ta kamar tasu. An buga wannan a 1953. Watau dai icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Saboda wannan aiki aka ba shi kyautar Nobel tare da Burnet a 1960, ya kuwa raba kuɗin da abokan aikinsa biyu. A 1965 aka ba shi lambar Sir.

To, ina ruwan ɓera da ƙoda? Ran 23 ga Disamba, 1954, a birnin Bostan na Amurka, aka cire ƙodar wani saurayi, Likita Joseph Murray ya dasa wa ɗan tagwayensa, wanda ya ƙara shekara 8 a duniya. Amma ba kowa ke da ɗan tagwaye ba. Aikin Medawar ne ya ƙarfafa wa likitoci gwiwa cewa ƙin da jiki ke yi abu ne da ake iya juyawa. Tun 1951 shi da abokansa sun nuna maganin kotizon yana sa dashen fata ya daɗe a jikin zomo. Daga baya aka sami azatayofirin, sa'an nan a 1978 Roy Calne ya fara ba masu dashen ƙoda saikulosiforin a Kambirij. Sannu a hankali aikin ya yaɗu, har Asibitin Koyarwa na Aminu Kano ya fara dashen ƙoda a 2002.

Amma akwai sauran rina a kaba. Abin da Medawar ya yi wa ɓera, watau jiki ya karɓi baƙo ba tare da magani ba, bai zama hanyar da ake bi wa jama'a ba tukuna. Wanda aka dasa wa ƙoda sai ya yi ta shan magani muddin tana jikinsa. Magungunan nan, musamman dangin kotizon, suna buɗe ciki da tara teɓa, shi ya sa da yawa sukan yi ƙiba a shekarar farko. Kitse mai yawa kuwa da kansa yana zuba abubuwan da ke ta da kumburi cikin jini, irin kumburin da ba a gani da ido, mai cin jijiyoyi a ɓoye. Ga ciwon sukari da hawan jini suna biye. Ciwon zuciya yana cikin manyan abubuwan da ke kashe masu dashe alhali ƙodar tana aiki lafiya. Ramewa ita ma ba alheri ba ce, gama wanda tsokarsa ke zaizayewa saboda daɗaɗɗen kumburi yana cikin haɗari. Don haka ne likita ke ɗora su a ma'auni, yana auna jininsu, duk sa'ad da suka zo. Wanda ke da irin wannan majiyyaci a gida, kada ya ɗauki ƙibarsa alamar warkewa, kada kuma ya bar shi ya yanke magani don ya ga ya ji sauƙi.

Shi Medawar kansa ya ɗanɗani jinya. A 1969, yana da shekara 54, yana shugabancin babbar cibiyar binciken magani ta Ingila da ke Mill Hill, jini ya fashe a ƙwaƙwalwarsa yana tsakar karatu gaban taro a garin Ekseta, ɓarin jikinsa na hagu ya shanye. Bai ajiye aiki ba. Da taimakon matarsa Jean ya ci gaba da bincike da rubuce-rubuce, har ya wallafa littafin nasiha ga matasa masu neman ilmin kimiyya a 1979. Ya rasu a Landan ran 2 ga Oktoba, 1987.

Muna roƙon malaman makaranta su ba almajiransu wannan labari, su tsaya musamman a kan zancen maruƙan nan. Da a ran nan ya ji kunyar kuskurensa ya rufe littafinsa, da wataƙila an daɗe kafin a kai inda aka kai yau.