Tarihin Carl Rogers, malamin da ya ɗaukaka saurare

An haifi Carl Rogers ran 8 ga Janairu 1902 kusa da Cikago, ƙasar Amurka. Ya fara karatun noma, ya koma na addini, daga bisani ya zurfafa cikin ilimin halin ɗan Adam. Shekara 12 ya yi a Rochester yana kula da yara masu damuwa. Can ya gane mai ɗaki shi ya san inda ke masa yoyo. Sai ya bar ba da umarni, ya riƙi saurare. Ya shimfiɗa wa mai ba da shawara sharuɗɗa uku: gaskiya, karɓar mutum yadda yake, da jin abin da yake ji. Littafinsa na 1951 ya watsa wannan hanya. Ya rasu ran 4 ga Fabrairu 1987 a Kalifoniya.