Charlie Christian: Makaɗin da ya koya wa jita muryar saksofon

A ranar 2 ga watan Maris na 1942 ne Charlie Christian ya rasu a wani asibitin masu tarin fuka da ke birnin New York na Amurka, yana da shekara 25 da haihuwa.

Tashen da ya yi bai kai shekara biyu ba. Amma a ɗan wannan lokaci ya fito da jita daga bayan fage, ya mai da ita abin da ke jan ragamar kiɗan jaz. Salon da ya yi wannan aiki da shi kuwa, daga wurin mabusa saksofon ya koyo shi.

Tasowarsa

An haife shi ranar 29 ga watan Yuli na 1916 a garin Bonham na jihar Texas. Yana ƙarami iyayensa suka koma birnin Oklahoma City.

Mahaifinsa makaɗi ne wanda ya makance, don haka shi da 'ya'yansa maza sukan bi tituna suna kiɗa domin samun abin sakawa a bakin salati. Charlie ya fara ne da rawa, kafin ya koma kaɗa jita.

A makarantar Douglass, wadda ta baƙar fata ce zalla a zamanin wariyar launin fata, ya so ya busa saksofon, wato wani abin busa na ƙarfe mai lanƙwasasshen baki. Sai dai malamarsa ta kiɗa, Zelia Breaux, ta nace sai dai ya busa kakakin Turawa. Bai daɗe ba ya ajiye kakakin, amma sautin saksofon bai fita daga ransa ba.

Koyo da kunne

A farkon shekarun 1930 mabushin nan Lester Young ya yi aiki da ƙungiyar makaɗa ta Blue Devils, wadda ke da tushe a Oklahoma City. Busarsa tana da taushi da natsuwa, yakan ja zance mai tsawo ba tare da gaggawa ba.

Christian ya riƙi wannan salo. Yakan saurari faifan Young har ya haddace busar, ya rera ta da baki, sannan ya nemo ta a kan tsirkiyoyin jita.

Aikin ba ƙarami ba ne. Mabushi yana iya jan sauti iya tsawon numfashinsa, amma sautin jita da an kaɗa yake fara mutuwa. Ga shi kuma ba a jin ta a cikin taron mabusa da masu ganga, shi ya sa aikinta a wancan zamani bai wuce riƙe amo ba.

Mafita ta zo a 1936, lokacin da kamfanin Gibson ya fitar da jita mai aiki da lantarki samfurin ES-150. Da Christian ya mallaki irinta, sai ya riƙa kaɗa tsirkiya ɗaya bayan ɗaya, yana jera sauti kamar mai busa, yana kuma dakatawa a inda mabushi zai ja numfashi.

Makaɗiya Mary Osborne, wadda ta ji shi a jihar North Dakota tana budurwa, ta ɗauka da farko saksofon ake busawa, sai da ta ga jitar a hannunsa.

Haɗuwa da Goodman

Mai kiɗan fiyano Mary Lou Williams ce ta ba John Hammond, mai farautar sababbin makaɗa, labarinsa. A watan Agustan 1939 Hammond ya kai shi California domin ya gwada sa'arsa a wurin Benny Goodman, wanda ƙungiyarsa ke cikin mafiya shahara a Amurka.

Da farko Goodman bai nuna sha'awa ba. Amma da dare Hammond ya hau da Christian dandamali a wani gidan cin abinci ba da saninsa ba. Goodman ya zaɓi kiɗan Rose Room, yana zaton baƙon bai san shi ba. Kiɗan nan sai da ya ɗauki kimanin minti 40, Christian yana ta kawo sabon salo.

Daga ranar ya shiga ƙungiyar, wadda ke cikin ƙalilan da ke haɗa baƙi da farare a dandamali ɗaya. Albashinsa ya zama dala 150 a mako.

A watan Disamba na wannan shekara ya yi kiɗa tare da Lester Young kansa a zauren Carnegie Hall da ke New York.

Rashin lafiya

Idan ya tashi daga aikin Goodman, Christian yakan wuce gidan kiɗa na Minton's da ke unguwar Harlem, inda yake raba dare da su Thelonious Monk da Kenny Clarke. A nan ne aka fara ɗora harsashin sabon salon jaz da ake kira bibop.

Rashin hutu ya ƙara raunana jikinsa. A watan Yunin 1941 aka kwantar da shi a asibitin Seaview, bai kuma sake komawa dandamali ba. Sai a 1943 aka gano streptomycin, maganin farko da ya yi tasiri a kan tarin fuka.

An binne shi a Bonham, inda kabarinsa ya yi shekaru da dama ba tare da wata alama ba.

Hanyar da ya bi kuwa ba ta mutu ba. Wes Montgomery, ɗaya daga cikin manyan makaɗan jita da suka biyo baya, ya fara sana'arsa ne da haddace kiɗan Christian daga faifai, kamar yadda shi ma Christian ya haddace busar Young. A 1990 aka sanya sunansa a zauren karrama makaɗa na Rock and Roll Hall of Fame.